Na Zauna Rabin Awa Ba Wanda Ya Kula Ni: Me Ya Raba Mashayar Ingila da Gidan Abinci?

Wani ƙanenmu da bai daɗe da zuwa Ingila karatun digiri na biyu ba ya aiko da wannan tambaya: "Yaya, abokan karatuna sun gayyace ni cin abincin rana ranar Lahadi a wani wuri da suke kira pub. Na riga su isa, na sami teburi na zauna kusan rabin awa, ba wanda ya ce mini ci kanka. Da suka zo sai suka yi ta dariya, wai ai tashi ake yi a je kanta. Na biya fam 17, aka kawo nama da dankali lami, ba yaji ba komai. Wulaƙanci aka yi mini don ni baƙar fata ne? Kuma tunda suna da tebura da kicin, mene ne bambancinsu da gidan abinci? Ni dai ba na shan giya."

Ƙanena, sannu da zuwa, sannu da sanyi. Aikina a nan duba tsaftar wuraren sayar da abinci ne a ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma, don haka kicin ɗin mashaya da na gidan abinci duk ta ƙofar baya nake shigarsu. Bari in fara cire maka ƙayar da ta fi sukar ka. Zaman da ka yi ba a leƙo ka ba, haka ake yi wa kowa. Ko ɗan majalisar yankin ne ya zauna a teburin nan yana jiran a zo a tambaye shi me zai ci, zai yi ta zama har ƙafarsa ta yi tsami. A mashaya irin ta gargajiya ba a ɗauki kowa aikin zagaya tebura ba. Yarinyar da ke bayan kanta ta gan ka sarai, kuma a lissafinta mutunci ta yi maka, ta ga baƙo yana jiran abokansa ta ƙyale shi ya sarara.

Ba ina cewa tunaninka ba shi da tushe ba ne. An yi zamanin da ake hana baƙar fata da Indiyawa shiga wasu ɗakuna a mashayun ƙasar nan ƙiri-ƙiri. A watan Fabrairun 1965, kwana tara kafin a kashe shi, Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata na Amurka, ya ziyarci garin Smethwick kusa da Birmingham, kuma 'yan ƙungiyar ma'aikatan Indiya suka kai shi mashayar Blue Gates don ya ga wariyar da idonsa. A shekarar ce aka yi dokar farko da ta haramta irin wannan a wuraren taruwar jama'a, yanzu kuma dokar daidaito ta 2010 ce ke aiki. Alamar wariya a yau ita ce ka tsaya a kanta, a yi ta sallamar waɗanda suka zo bayanka ana tsallake ka. In ka ga haka, to ka ga abin magana. Amma zama a teburi shiru, wannan rashin sanin dawan garin ne kawai.

Asalin bambancin yana ga abin da kowannensu yake sayarwa. Gidan abinci yana ba ka hayar teburi ne na ɗan lokaci tare da mai yi maka hidima. Ka kira ka kama wuri, a tare ka a ƙofa, a zaunar da kai inda aka ga dama, a kawo takardar jerin abinci, ka ci, sannan a kawo lissafi. Da yawansu a Landan za su faɗa maka tun farko cewa teburin naka ne na awa ɗaya da rabi ko biyu, don akwai mai jira. In ka gama ci ka ci gaba da hira, za ka ga an fara share gefenka ana yi maka murmushin da ke nufin a tashi. Wannan tsari a Faris ya samo asali a shekarun 1760, lokacin da wasu masu sayar da romo suka fara bai wa kowane mai saye teburinsa shi kaɗai, da jerin abinci mai farashi ya zaɓa.

Ita kuwa mashaya wurin zama take sayarwa, abin sha shi ne kuɗin kujera. Kwatankwacinta a wurinmu shi ne teburin mai shayi na bakin layi: ba don wainar ƙwansa ta fi ta gida daɗi ake zuwa ba, ana zuwa ne don nan majalisa take, nan ake jin wanda ya rasu da wanda ya sami aiki. Na san da ka ji an ce mashaya, hankalinka ya tafi irin gidajen giyar da mutumin kirki ba ya so a gan shi a bakin ƙofarsu. A nan lamarin ya fi haka faɗi. Za ka tarar da tsoho ya baje jarida da kofi ɗaya a gabansa tun azahar, kare yana kwance ƙarƙashin kujera, mata da jarirai a keke, a ɗakin baya kuma dangin mamaci ne suka taru bayan an dawo daga maƙabarta. Ba wanda zai ce wa tsohon nan ya tashi. A cikin wannan gida abinci baƙo ne, daga baya ya zo, kuma har yau akwai mashayun da ba su da kicin sam.

Ka lura, giya ba ita ce ta raba su ba. Kusan duk gidan abincin Turawa da za ka shiga yana da lasisin sayar da giya, kuma da ita suke cike giɓin riba. Hatta hukuma ta fuskar zaman jama'a take kallon bambancin. A tsarin gine-gine na Ingila tun Satumban 2020, gidan abinci yana aji ɗaya da kanti da ofis, ana iya mayar da wannan ya koma wancan ba wani dogon neman izini. Mashaya kuwa ajinta daban, ba ka rushe ta ko ka canza ta sai da izini. A 2015 wani kamfani ya rushe mashayar Carlton Tavern a arewa maso yammacin Landan ba tare da izini ba, ƙaramar hukumar Westminster ta tilasta masa ya sake gina ta yadda take, bulo bayan bulo, aka sake buɗe ta a 2021.

Yanzu ga yadda ake yi, don kada a sake yi maka dariya. Ka shiga kai tsaye, ba sallama ba jiran iso. Ka nemi teburin da ba kowa kuma ba a ajiye takardar kamu a kai ba, ka rataye kwat ɗinka a kujera, ka duba lambar teburin, yawanci wani ɗan ƙarfe ne aka manna a kusurwa. Sannan ka je kanta. A nan za ka ga abin mamaki: mutanen da ke yin layi ko su biyu ne a tashar bas, a kanta ba sa layi. Kowa ya jingina inda ya samu, amma kowa ya san wanda ya riga shi, mai sayarwa ma tana riƙe da lissafin a ranta. Kada ka ɗaga hannu, kada ka buga kanta, kada ka yi tsaki ko ka ce "ke!" Ka riƙe katinka a hannu, ka bari idonku ya haɗu, ka ɗan ɗaga gira. In ta zo gare ka alhali wani ya riga ka, ka nuna shi da kai ka ce shi ne farko. Wannan ɗan abin yana saya wa baƙo daraja fiye da yadda kake zato. Ka faɗi abin da kake so da lambar teburi, ka biya nan take, ka ɗauki abin shanka da kanka. Abincin ne kawai za a biyo ka da shi. Wasu wuraren za a ba ka cokalin katako mai lamba ka tafi da shi, cokula da wuƙaƙe kuma ka ɗebo a wani teburi na gefe. Manyan kamfanoni irin Wetherspoon, wanda Tim Martin ya kafa a 1979 kuma yake da rassa wajen 800, suna da manhajar waya da za ka yi oda kana zaune. In ka ga an rubuta a bakin wani ɗaki cewa a jira a zaunar da mutum, to wannan ɓangaren da dokar gidan abinci yake tafiya.

Tukwici ma ya bambanta. A gidan abinci, musamman a Landan, za ka ga an ƙara kashi 12.5 cikin ɗari a kan lissafi, kuma tun 1 ga Oktoban 2024 doka ta wajabta wa masu wurin su miƙa wa ma'aikata kuɗin gaba ɗaya. Wanda ya yi oda a kanta ba a jiran komai daga gare shi.

To me ya kawo abinci cikin mashaya har ya kai fam 17? Tarihin yana da ɗan tsawo, amma shi ne zai sa ka gane abin da ke cikin farantinka. Masaukan matafiya na zamanin keken doki suna dafa abinci tun fil azal. Amma mashayar unguwa ta talakawa ba ta gaji wannan ba. Dokar 1830 ta ba duk mai gidan da ya biya fam biyu da sule biyu damar sayar da giya a falonsa, dubban irin waɗannan gidaje suka ɓullo cikin 'yan shekaru, kuma abin taunawa a cikinsu bai wuce burodi da cuku ba. Har tsakiyar ƙarni na 20, wanda ya nemi abinci a mashaya zai sami soyayyen dankali na leda, gyaɗa, dafaffen ƙwai da aka jiƙa a ruwan tsami cikin ƙaton kwalba, sai soyayyar fatar alade. Duk abubuwa ne masu gishiri da ke ƙara ƙishi, kuma ba a yi hakan da kuskure ba.

Matsi ne ya tura su kicin. A 1967 ministar sufuri Barbara Castle ta kawo na'urar gwada numfashin direbobi, mashayun ƙauye da ake zuwa da mota suka ga ciniki ya ja baya, dole a samo wani dalilin da zai kawo mutane. Sai aka shiga yayin soyayyar kaza da dankali a ɗan kwando. Farantin burodi da cuku da albasa mai tsami da ake kira ploughman's, wanda baƙo zai ɗauka abincin manoman kaka da kakanni ne, hukumar tallan madara ce ta yayata shi a shekarun 1960 don a sayar da cuku, kuma ya karɓu saboda ba ya buƙatar kuku. A 1989 gwamnati ta tilasta wa manyan kamfanonin giya masu mashayu fiye da 2,000 su saki wani kaso, wurare suka yi ta canza hannu, wasu suka faɗa hannun masu sha'awar girki. A 1991 David Eyre da Mike Belben suka karɓi wata mashaya mai suna The Eagle a titin Farringdon na Landan, suka sa murhu a bayan kanta, suna rubuta abincin ranar da alli a allo. Daga nan aka sami abin da ake kira gastropub, wato mashayar da ta fi mayar da hankali kan girki. Sannan ranar 1 ga Yulin 2007 aka hana shan taba a cikin gine-ginen jama'a a Ingila: wasu tsofaffin mashaya suka koma sha a gida, iyalai kuma suka fara shigowa da yara tunda hayaƙi ya kau. Daga sama da 60,000 a shekarar 2000, mashayun Birtaniya sun ragu zuwa wajen 45,000, kuma da yawa cikin waɗanda suka rayu kicin ne ya cece su.

Yanzu har iyakar ta dushe. The Hand and Flowers ta Tom Kerridge a garin Marlow mashaya ce a suna, amma ita ce mashaya ta farko da ta sami taurari biyu na Michelin, wato lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a kundin 2012, kuma sai ka kama wuri tun da wuri kafin ka ci a can. Gwamnati kanta ta rikice a Disamban 2020 lokacin korona, da ta ce a wasu yankuna ba za a sayar da giya ba sai tare da cikakken abinci. Sai gardama ta ɓarke a kan ko dafaffen ƙwai da aka naɗe da niƙaƙƙen nama aka soya ya isa a kira shi cikakken abinci, ministoci suna ta saɓa wa juna a rediyo da talabijin.

Saboda haka babu wani abu guda da za a kira abincin mashaya. Abin da nake gani in na shiga ta baya ya kasu, kuma tun daga takardar jerin abincin za ka iya gane inda ka faɗo. In ka ga takarda mai ƙyalli da leda, mai shafi huɗu, ga miyar kori ta Indiya, ga taliyar Italiya, ga boga, ga kifi, ga abincin Mekziko, to ka sani kicin ɗin da ke baya bai fi ɗakin ɗalibi girma ba, kuma abin da ke ciki firiza ce doguwa, tukwanen suya biyu ko uku, da jerin na'urorin ɗumama abinci a kan kanta. An dafa komai a masana'anta, an auna, an ƙulle a leda, mota ta kawo da asuba. Yaron da ke ciki aikinsa ya duba hoton da aka manna a bango ya jera faranti ya yi kama da shi. Ban raina wannan ba ko kaɗan: yawanci irin waɗannan kicin sun fi kowa tsafta a takarda, don komai a rubuce yake, kuma abin da ka ci a Leeds shi za ka ci a Bristol. Amma kada ka nemi hannun mai girki a ciki, babu shi. In kuwa ka ga abinci shida ko bakwai kacal, an rubuta da alli, an goge ɗaya saboda ya ƙare, akwai mai girki na gaske a bayan ƙofar nan. Ni idan na ga an goge abu a allo, hankalina ya fi kwanciya.

Abin da ya kamata ka sa rai a mashaya ta tsaka-tsaki shi ne abinci mai zafi, mai cika ciki, a faranti guda, cikin minti ashirin zuwa talatin. Kifi da aka tsoma a ƙullun fulawa aka soya, da dankali yankan kauri da dakakken koren wake. Naman sa da aka dafa ya yi laushi a cikin ɓawon fulawa. Niƙaƙƙen naman rago da aka rufe da markaɗaɗɗen dankali aka gasa. Ba a zuwa nan neman ado ko sabon salo. Ma'aunin shi ne: kifin ya yi ƙaras-ƙaras ko ya sha mai ya yi laɓo? Dankalin ya soyu har ciki? Tsakiyar abincin da zafi, ko gefe na ƙona baki tsakiya na sanyi? Wannan na ƙarshen shi ne tambarin na'urar ɗumamawa, kuma kana da haƙƙin mayar da shi. Turawan kansu suna da rigimar da ba ta ƙarewa a kan naman cikin ɓawo: wasu wuraren sai su zuba miyar nama a kwano su ɗora faifan fulawa a sama kawai, masu ra'ayin gargajiya kuma su ce ha'inci ne, sai ɓawon ya kewaye naman sama da ƙasa. Ina tare da su.

Abin da aka kawo maka ranar Lahadi kuwa shi ne gashin Lahadi, abincin da Bature ke ji da shi kamar ransa. Yankakken gasasshen naman sa ko rago ko kaza ko alade, gasasshen dankali, karas da kabeji, wani kumburarren gashin ƙwai da fulawa da madara da ake dangantawa da Yorkshire, sai romo mai kauri a kwarara a kai. Ka ce lami ne, kuma a harshen da ya tashi da yaji da daddawa, gaskiyarka. Amma girkin nasu haka aka gina shi: ana barin nama da ɗanɗanonsa, kai ne za ka ƙarasa a teburi. Shi ya sa ake ajiye gishiri da masoro, da wani farin haɗi mai hawa hanci da ake ci da naman sa, da ruwan na'a-na'a mai tsami na naman rago, da mustad ɗinsu rawaya wanda in ka yi masa ɗibar ganganci sai ka yi hawaye. Wanda bai taɓa waɗannan ba rabin abincin ya ci. Kuma lokaci yana da muhimmanci: an gasa naman tun safe, don haka wanda ya zo ƙarfe ɗaya ya ci daɗi, wanda ya zo ƙarfe huɗu ya ci saura da ya bushe a ƙarƙashin fitilar ɗumi. In kana son ɗan ƙullin yajinka a aljihu, ba wanda zai kama ka.

Game da fam 17: kusan fam uku daga ciki harajin VAT ne na kashi 20 cikin ɗari, kayan girkin kansu ba su wuce fam huɗu zuwa biyar ba, sauran ya tafi albashi da haya da wuta da gas. A farashin yanzu ba a cuce ka ba. Ra'ayina a nan shi ne farashi ne ke yanka wa wuri ma'auninsa. Wanda ya sayar maka da abinci fam 10 tare da lemo, in ya cika maka ciki da abu mai zafi ya fita haƙƙinka. Wanda ya karɓi fam 25 ko 28 a faranti ɗaya, ya sa ka kama teburi tun mako guda, ya ƙara kuɗin hidima a lissafi, ya zama gidan abinci ko da kuwa akwai hoton jan zaki, irin alamar mashaya, a allon ƙofarsa, kuma ba shi da bakin cewa "ai mu mashaya ce" in nama ya zo da tauri. Wannan fakewar ita ce abin da ya fi ba ni haushi a harkar.

Sai batun da ya fi shafar ka. Ni ba malami ba ne. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito da ke hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma da yawa daga 'yan'uwa a nan saboda shi ba sa shiga ko kaɗan, wasu kuma suna shiga taron wurin aiki su ci su fita. Wannan ka kai wa malamin da ka amince da shi, ka kuma tuna hukuncin zai bi ka har gidan abinci, tunda can ma kwalba na kan teburi. Abin da zan iya faɗa maka shi ne abin da ke cikin tukunya.

Naman mashaya ka ɗauka ba yankan Musulmi ba ne sai an nuna maka shaida. Mutanenmu sukan gudu zuwa kifi, to ka tambaya, domin sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullun da ake tsoma shi, kuma suna rubutawa da alfahari: beer-battered. Duk inda ka ga kalmar ale a sunan abinci, giya ce. Romon gashin Lahadi akan zuba masa jar giyar inabi, gasasshen dankali kuma da kitsen sa ko na agwagwa. Zancen cewa wuta tana ƙone giyar duka ba haka yake ba, tana raguwa ne kawai. Gammon da ham da bacon duk alade ne, tsiran Turawa alade ne in ba a ce akasin haka ba, black pudding kuma jini ne aka daskarar, galibi na alade. Tukunyar suya ma takan zama ɗaya. Doka ta tilasta wa kowane mai sayar da abinci ya bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kuma akwai takardar a bayan kanta, amma alade da giya ba sa cikin goma sha huɗun. Don haka kada ka ce "ina da abin da ba na ci" ka tsaya nan. Ka ambaci giya da alade da sunansu, ka roƙa a tambayi kuku. Ba sa jin haushi, sun saba. Mafi sauƙi shi ne ɓangaren masu cin ganye zalla, wanda yanzu kusan ko'ina akwai.

A yankin Birmingham da West Bromwich da Southall akwai mashayun da 'yan asalin Punjab ke riƙe da su, inda ake kawo gasasshen nama yana tururi a farantin ƙarfe bisa albasa, da yaji kamar na gida. A nan ne harshenka zai gode maka. Amma ganin rawani da gemu kada ya sa ka saki jiki: yawancinsu mabiya addinin Sikh ne, don haka ka tambayi asalin naman kamar ko'ina.

Abin sha ba matsala: lemo, ruwan soda da lemon tsami, kofi, shayi. Ruwan famfo kyauta ne, dokar lasisi ta wajabta a ba duk wanda ya nema. Ka kiyayi cider, wadda a ƙasar nan giyar tuffa ce, da shandy, wadda rabinta giya ce. Waɗanda ake tallatawa a matsayin marasa bugarwa kuma ka karanta jikin kwalbar, wasu sinadarin bugarwar da ke ciki kashi 0.0 ne cikin ɗari, wasu 0.5. Akwai kuma al'adar zagaye: mutum ɗaya ya saya wa kowa, in an shanye na gaba ya tashi. In ka karɓa, an sa ran za ka rama, ramawar kuma tana nufin ka sayi giya da kuɗinka. Tun zaman farko ka ce kai za ka riƙa sayen naka. In kana son ka nuna hannu, sayo ledar soyayyen dankali biyu ko uku, ka farke su ta tsawo ka baje a tsakiyar teburi kowa ya sa hannu, haka su ma suke yi.

Kafin ka shiga ko'ina, duba ƙofa ko taga za ka ga wata takarda kore da baƙi mai lamba daga 0 zuwa 5. Makin tsafta ne, irin wanda mu muke bayarwa. Ba ya cewa komai game da daɗin abinci, yana magana ne kan yadda ake ajiya da dafawa da share wuri. A Wales da Ireland ta Arewa dole ne a manna ta, a Ingila kuwa ganin dama ne, don haka wanda ya sami 5 ba ya ɓoyewa, wanda bai manna ba ka neme shi a shafin hukumar kula da ingancin abinci. Kuma ka riƙe cewa buɗewar mashaya daban, buɗewar kicin daban. Wurare da yawa, musamman a ƙauye, suna dafa abinci daga sha biyu zuwa biyu da rabi, su rufe, su sake buɗewa shida zuwa tara, ranar Lahadi da yamma ko Litinin kuma wasu ba sa kunna wuta sam. In abokanka sun ce a haɗu ƙarfe takwas da rabi na dare, ka ci tuwonka a gida kafin ka fito.